Darasin da ke cikin gonar Baba

Ƙannena 'yan sakandare, a zamanina na ɗauki boko da salon karatun allo: malam ya rubuta, mu kwafe, mu haddace, ranar jarrabawa mu juye masa abinsa. Hadda na da gurbinta, ko jadawalin sau sai an haddace shi. Amma ni har darasin Noma hadda na yi masa, kuma a nan na cuci kaina.

Na haddace bayanin yadda wake da gyaɗa ke ƙara wa ƙasa naitirojin, da Turanci, ko waƙafi ban tsallake ba. Duk damina kuwa ina bin Baba gona, yana shuka wake a tsakanin gero, inda ya sa gyaɗa bana baɗi ya sa dawa, ban taɓa kawo wa raina cewa abin da ke littafina ke nan ba. Sai bayan na gama makaranta wani malamin gona ya tumɓuke wake a gabana, ya nuna min 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar, ya fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja. A nan bakteriya ke zaune suna kamo naitirojin daga iska. Shi muke saya da tsada a buhun yuriya, wanda kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne.

Hukumar NERDC ce ke tsara manhaja, kuma iri ɗaya ce ga ɗan Legas da ɗan Maigatari. Don haka ba lallai ku ga kasuwarku ko fadamarku a littafi ba, ku za ku nemo misalin. Malami ɗaya a aji cike maƙil, ga ba ɗakin gwaji, ba zai iya bin kowa ba.

In kun dawo gida, ku rufe littafi ku yi wa Inna ko ƙanenku bayanin darasin da Hausa. Inda bakinku ya sarƙe, nan ne ba ku gane ba, shi za ku kai wa malam gobe, ko da 'yan aji za su yi dariya. Kada ku ce na ce a saki Turanci, jami'a na neman kiredit biyar har da Turanci. Sai dai WAEC da NECO kan juya tambaya, kuma a jarrabawar Noma ta aikace taki ko iri za a ajiye a gabanka, a ce faɗi sunansa da amfaninsa.