Godiya Bayan Jinyar 'Yarmu

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu.

An sallamo 'yarmu daga asibiti, tana gida. Ƙafar da aka yi wa tiyata bayan hatsarin motar ba ta gama warkewa ba, da sanda take takawa, likita kuma ya ce sai a hankali. Amma ni da maigida mun ga bai kamata mu jira sai ta miƙe sarai kafin mu buɗe baki mu gode ba.

Godiya ta fari ga Ubangiji ce. Ya raya mana ita, wannan kowa ya gani. Abin da ido bai gani ba shi ne yadda ya riƙe zukatanmu tun ba a san inda al'amarin zai faɗa ba. Lokacin da take kwance ba ta gane kowa, babu likitan da ya yi mana alkawari. A wannan halin ne Baba Fasto ya karanta mana Filibiyawa 4:6-7, inda aka ce mu kai roƙonmu ga Allah tare da godiya, salamarsa da ta fi gaban ganewa za ta tsare zukatanmu. Ya kuma tuna mana cewa Manzo Bulus yana ɗaure a kurkuku ya rubuta wannan wasiƙa. Nan jikina ya yi sanyi. Ashe mutumin bai jira an kwance masa sarƙa ba kafin ya samu kwanciyar rai. Daren nan na yi barci, alhali sakamakon gwaji bai ma fito ba.

Kada wani ya ɗauka ban yi kuka ba. Na yi, sosai. Masu cewa mai bi ba ya zub da hawaye, don Allah su sake duba Yohanna 11:35. Yesu da kansa ya yi hawaye saboda Li'azaru, ga shi kuwa ya san zai tashe shi.

Baba Fasto da Mama, Allah ya ƙara muku ƙarfi. Iyayena na zumuntar mata, kun raba kwana a tsakaninku don kada in zauna ni kaɗai, wasunku ko magana ba sa yi, sai dai su riƙe hannuna. Wannan ya fi mini dogon wa'azi. Matasan da suka ba da jini, likitoci da ma'aikatan jinya, maƙwabtanmu har da waɗanda ba addininmu ɗaya ba, da direban da ya tsaya ya ɗauke ta ya tafi ba mu san sunansa ba: Allah ya sāka muku da alheri.

Da sauran tafiya, domin za ta riƙa komawa gashin ƙashi, kuma har yanzu takan firgita idan ta ji ƙarar mota. Ku ci gaba da sa ta a addu'a. Masu son zuwa dubiya, ƙofa a buɗe take, sai dai a bari sai da yamma, da safe takan sha magani ta kwanta.