Ina dauɗar Kogin Kaduna take zuwa?

Mutanenmu kan ce ruwa mai gudu ba ya riƙe dauɗa. Da ƙamshin gaskiya a maganar, amma aikina na lissafa tafiyar gurɓataccen ruwa a kwamfuta ya sa ba na karɓarta ɗungurungum.

Tsarin da muke fara koya wa ɗalibai tsoho ne. Wasu masana biyu, Streeter da Phelps, suka fitar da shi a 1925, bayan nazarin Kogin Ohio a Amurka. Ƙazantar da ke ruɓewa, irin jinin mayanka da ruwan masai, bakteriya ce ke cinye ta, tana cin tana shanye iskar oksijin da kifi ke shaƙa. Shi kuma kogi yana mayar da iskar daga sama, a hankali. Idan ka haɗa biyun a lissafi, sai ka ga wurin da iskar ta fi ƙaranci ba bakin kwata ba ne, can gaba ne, bayan ruwan ya yi nisa. Shi ya sa masunci da ke ƙasa da gari zai tarar da kifi ya taso yana haki, alhali ruwan a ido garau yake.

A Maris da Afrilu abin ya fi muni. Kogi ya ja baya har duwatsu sun fito, zafi ya rage iskar da ruwa ke iya riƙewa, kwatocin Kakuri, yankin masana'antu na garin Kaduna, da na unguwanni kuwa ba su san rani ba.

Dalma da kuromiyam, ƙarafa masu guba, su ne suka fi damuna, don ba sa ruɓewa. Laka suke mannewa su kwanta a ƙasan kogi. Ruwan Agusta ya zo ya tumbuɗo su, ya yi gaba da su har inda gudu ya mutu, wato madatsar Shiroro da aka buɗe a 1990 a Jihar Neja. Mu mun huta, wasu sun gada.

Kwamfuta dai abin da ka ba ta shi take taunawa, don haka nakan sauka fadama. Na tambayi wani dattijo mai ban ruwan alayyahu, "Baba, yaushe ruwan nan ya fi wari?" Ya ce, "Yaro, zo da asuba, kafin gari ya waye ake sako shi." Tun daga nan na mayar da ɗibar samfurina zuwa bayan sallar asuba.