Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Babba Juji Ne

Makon jiya na tsaya a ranar da aka yaye mu daga makarantar horar da shugabanni, kuma mutum uku sun turo mini saƙo suna tambayar me ya sa na tsallake maganar Kawu Ɗanlami. Ban tsallake ba, ajiye ta na yi, don nan ne muhallinta.

Washegarin yayen Umma ta haɗa ƙwarya-ƙwaryar walima a gidanmu na Tudun Wada, dafa-duka da zoɓo, maƙwabta suka shigo. Na fito da allon karramawar da makaranta ta ba ni, katako mai sheƙi da faifan ƙarfe a tsakiya, an zana sunana, a ƙasa an rubuta Shugaban Ɗalibai, 2021. Yana ta yawo hannu zuwa hannu ana sa albarka, har ya iso wurin Kawu. Ya juya gabansa, ya juya bayansa, ya ɗaga shi kamar mai auna nauyin kaza a kasuwa, ya ce, "To Shugaba, in aka kai wannan Panteka nawa za su saya?" Aka kwashe da dariya. Har Baba sai da ya murmusa, kuma murmushin nan ya fi maganar Kawu ci mini rai. Ban taɓa faɗa masa ba, yau zai ji a bakin Hadiza, don na san ita ke karanta masa.

Hajja ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Tana kan tabarmarta a ƙofar ɗaki da carbi a hannu, ta yafito ni. "Zo nan, maigidana. A makarantar taku sun faɗa maka babba juji ne?" Na ce ba su faɗa ba. Ta ce, "To ba su gama koya maka ba." A raina na ce tsohuwa dai, ita da ko bihim ba ta sani ba a boko. Allah Ya yafe mini.

Sai an san inda na fito kafin a gane girman kaina na lokacin. Shekara uku na yi a makarantar horar da shugabanni, kyauta, bayan jarrabawar da na ba ku labarinta a kashi na 7. Mu ashirin da shida ne a aji. Kowane malami ya san sunanka, ya san na mahaifinka, in ka yi shiru a aji za a kira ka ofis a tambaye ka lafiya. Duk Alhamis muhawara, duk Asabar aikin gayya. Kullum da safe a taro ana kiran mu shugabannin gobe, har muka ɗauka goben jibi-jibin nan ce. Malamin tarihinmu ba ya gajiya da labarin Kwalejin Barewa: an kafa ta a Katsina a 1921, aka dawo da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ta fitar da Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Gowon da Murtala da Shagari da Umaru 'Yar'aduwa. Sai ya nuna mu da alli ya ce su ma yara ne kamar ku. Ranar da aka kai mu Gidan Arewa, inda Sardauna ya zauna har aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966, na dawo na rubuta a bayan littafina cewa kafin na kai arba'in sai na shiga Gidan Sir Kashim a matsayin gwamna. Littafin yana nan a akwatin Umma. Na roƙe ta kada Kawu ya gani.

Maganar JAMB da jiran suna ba zan ɓata muku lokaci a kanta ba, kowa ya san wannan wahalar. Na dai samu gurbi a jami'a. Baba ya raka ni tashar Kawo da akwati da buhun Bagco cike da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da risho, ya damƙa ni hannun ɗan kamasho kamar kaya, ya juya bai waiwayo ba. Muna wuce Rigachikun na fara tsara jawabin da zan yi idan aka ce sababbin ɗalibai su gabatar da kansu.

Ba wanda ya ce mu gabatar da kanmu. Lamba aka ba ni, kuma har na gama shekarar ita ce sunana a kowace takarda. Laccar farko na zo ƙarfe takwas daidai kamar yadda aka horar da mu, na tarar da ɗaki cike maƙil, wasu a kan taga, wasu a ƙasa, ashe tun bayan asuba ake kama wuri da littafi. Na tsaya a baya ina ganin bakin malamin yana motsi. A mako na biyu na samu kujera a gaba, ya faɗi wata magana a kan mulkin Turawa, ni kuma sai na ɗaga hannu na miƙe na ce ina da ra'ayi daban, da irin muryar da nake cin kofi da ita ranar Alhamis. Ɗakin ya yi tsit. Can daga baya wani ya ɗaga murya, "Zauna, Sardauna!" Sunan ya bi ni har yau. Akwai waɗanda muka gama tare da ba su san sunana na yanka ba.

Da aka ce ana neman kilas ref, wato wanda zai tsaya tsakanin aji da malamai, ni kaɗai na tsaya. Na ɗauka kwarjini ne ya hana sauran. Na yi jawabin minti biyar a kan riƙon amana, aka tafa, na kira Umma na shaida mata an zaɓe ni ba hamayya. Waɗanda suka maimaita aji suna gefe suna kallona da tausayi, ban gane ba.

Ba mu daɗe ba ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta tafi yajin aiki, 14 ga Fabrairun 2022, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas na yi a shagon Baba a Kasuwar Barci ina sa maɓalli da guga. Abin da kawai nake tunawa a wata takwas ɗin shi ne Kawu, duk ranar da ya biyo sai ya leƙo ya ce, "Shugaba, ana ta mulki?" Ni kuma dutsen guga a hannu, sai in ce, "Ana yi, Kawu." Mutumin da Baba ya biya wa kuɗin haya sau biyu. To, a bar wannan, Umma ta ce kada in taɓo shi.

Da muka koma ne na san juji. Wayata ba ta hutawa. Malami ya ɗage lacca, ni za a zaga. Ya dawo da ita ƙarfe bakwai na safe, ni za a zaga. Wani sunansa bai fito a jerin gwaji ba, wata ta yar da katinta, wani yana son in sa masa hannu a takardar halarta alhali yana Kano wurin biki. Ƙarfe ɗayan dare a kira ka a tambaye ka gobe akwai lacca. Sai ga canjin kuɗi a farkon 2023, lokacin da aka sauya takardun ₦200 da ₦500 da ₦1,000, tsabar kuɗi ta ɓace, masu POS suka zama sarakuna. A daidai lokacin aka ba mu handawut, kowa zai kawo ₦600 na fotokwafi, mai shagon kuma ya rantse ba ya karɓar tiransifa. Kowa ya turo ta asusuna, ni in bi layi in ciro. Mutum goma sha ɗaya suka nuna mini shaidar sun turo, ni kuma alat bai shigo ba. ₦6,600 ke nan, a watan da duk abin da Baba ya turo mini ₦15,000 ne.

Da dare wani ya rubuta a zauren WhatsApp na ajinmu: "Sardauna ya ci." Aka bi shi da hotunan dariya, na ƙirga sun fi arba'in. Ni da aka ba allo saboda amana. Na zauna a bakin katifa, maganar Hajja ta faɗo mini kamar tana ɗakin, kowa ya kwaso shararsa nan zai zuba, ba kuma mai ce maka sannu. Ta rasu a azumin bara. Na je mata da maganar nan kafin rasuwarta, na ce Hajja na ga jujin. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Maigidana, ai ko bakinsa ba ka kai ba, bari ka ajiye iyali."

A makaranta an koya mana sulhu: a zauna a da'ira, kowa ya faɗi abin da ke ransa, ba katsewa. Na kira taro. Mutum tara suka zo, biyar daga cikinsu caji suka zo nema. Abin da ya fisshe ni wani abu ne da na raina a da. Akwai wata malama da ta riƙe mu a kantin ɗalibai, ko alewar naira goma ka sayar sai ka rubuta da kwanan wata, in lissafi bai daidaita ba babu mai tafiya cin abinci. Mun tsane ta a lokacin. Da wannan ɗabi'ar na riƙa rubuta kowane suna da lokacin da kuɗinsa ya shigo. Na ɗauki hoton shafi huɗu da bayanin asusuna na banki na zuba a zauren, na cike giɓin daga aljihuna, na yi mako biyu a kan garin kwaki ba suga. Ba wanda ya ba ni haƙuri. Shiru kawai aka yi, aka koma tambayar gobe akwai lacca.

Daga baya banki ya mayar wa mutanen kuɗinsu. Huɗu suka kawo mini, Allah Ya saka musu. Bakwai har yau, kuma ɗaya a cikinsu shi ne mai "Sardauna ya ci." Na san yana karanta wannan, don ya taɓa yi mini sharhi a kashi na 3. Ɗari shida ce, malam, ba ta ƙaru ba.

Kawu kuwa, watan jiya ya kira ni da kansa, karo na farko tun da na mallaki waya. Nura zai cike JAMB, ana son wanda ya san kan abin. Bai ce Shugaba ba, "ɗana" ya ce. Na je na cike masa, na biya kuɗin kafe daga aljihuna. Da na dawo gida na nemi allon nan in duba, na tarar Umma ta tokare tagar kicin da shi, wai iska na rufe mata ita in tana girki.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan koma baya kaɗan in ba ku labarin ɗakinmu na hostel da yadda muka zama mu tara a ɗakin mutum huɗu.