Wata na goma sha huɗu a koyon aikin fata: jaka ta uku, da abin da na gano a kantunan manya

'Yan'uwa masu koyo, sannunmu da aiki. Daren jiya na cire jaka ta uku daga matsi, abin da ke riƙe fata yayin ɗinki, yatsuna har yanzu zugi suke yi. Kafin in ba ku labarinta bari in biya bashin da ke kaina, don da yawanku kun tambaye ni birnin da ya fi dacewa mai koyon aikin fata ya je ya ga jakunkunan manya ido da ido. A cikin shekarar nan aiki ya kai ni Paris da Milan da Landan da Dubai da Tokyo, ko'ina kwana biyu ko uku, kuma duk inda na sauka sai na saci rabin yini na bi kantuna. Ko jaka ɗaya ban saya ba, aljihun bai kai can ba. Kallo na je yi, da ɗan littafi da ma'aunin milimita.

Ma'aunin nan ya ja mini kunya a wani kanti da ba zan faɗi sunansa ba. Ina zaro shi na kara a jikin ɗinki, sai mai kula da wurin, da farar safar hannunta, ta yi murmushi ta janye jakar ta mayar cikin gilashi. Ba ta ce uffan ba. Daga ranar na koyi awo da farce: na san faɗin farcen babban yatsana, sai in ɗora in ƙirga ɗinki nawa ya rufe.

Paris na fara zuwa, kuma kai tsaye na nufi kantin Hermès mai lamba 24 a titin Faubourg Saint-Honoré, inda gidan yake tun 1880. Asalinsu a 1837 kayan doki suke yi, ragama da linzami da makamantansu, daga baya sirdi, kuma daga sana'ar kayan doki ɗinkin da muke fama da shi ya fito: zare ɗaya, allura biyu, basilla ta huda, allurar dama da ta hagu su bi rami ɗaya su yi musayar gefe. Matsalar Paris ita ce jakunkunan da ake rububi ba a jere suke ba. Sai mutum ya nemi a ba shi lokaci ta intanet, kuma ba kowa ke dacewa ba. Ban ma wahalar da kaina ba. Sashen kayan doki na wuce, wurin da ba cunkoso, na tsaya kan wani linzami kusan minti ashirin.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bayan ɗinkin. Nawa daga gaba yana da kyau, kowane ɗinki ya karkata kamar yadda ake so, amma in ka juya sai ka ga layi yana tangaɗi, wani ya kwanta wani ya miƙe. Na linzamin nan gaba da baya duk sun san inda suka dosa. Da na dawo sai na zauna na kalli hannuna, na kama laifi biyu. Basillata ba ta shiga a miƙe, gwiwar hannuna tana sauka in na gaji, sai ramin ya fito ta baya ƙasa da inda ya kamata. Na biyu, wani lokaci ina jefa zare a kan allura kafin in ja, wani lokaci in manta. Ko dai a jefa kullum ko a bari kullum, haɗawar ce ke ɓata layi. Sati uku na yi ina ɗinke ragowar fata, tsawon kamu ɗaya kowace safiya, kafin bayan ya fara nutsuwa. Na kuma sauka daga zaren milimita 0.55 zuwa 0.45, tazarar rami daga 3.85 zuwa 3.38. Zaren lilin ne, in goga masa kakin zuma sau biyu, in ya fi haka sai kakin ya taru a bakin rami ya yi datti.

A titin Champs-Élysées, a Paris ɗin dai, na bi layin shiga Louis Vuitton. Wanda bai sani ba ya sani, jakar nan mai ruwan ƙasa da haruffa ba fata ba ce, yadi ne mai kauri da aka shafe, zanen kuma tun 1896 yake. Fatar tana hannaye da gefuna, ba a rina ta, ita ce ke yin duhu da shekaru. Gidan ya fara ne a 1854 da akwatunan tafiya. A nan na daina raina ɗinkin keke. Mu masu koyo muna da wannan girman kan, mu ce in ba hannu ba ne ba aiki ba ne, alhali yawancin kayan da ke cikin waɗannan kantuna keke ne ya ɗinka su, kuma tsaf suke. Bambancin a wurin tsinkewa yake. Keke zare biyu yake sarƙewa a tsakiyar fata, na sama da na ƙasa, in ɗaya ya tsinke sai layin ya fara warwarewa. Na allura biyu in ɗaya ya tsinke ɗan'uwansa na riƙe da wurin.

Milan ta fi kwanta mini. Kantunan suna kusa da juna, Via Montenapoleone da 'yan titunan da ke kewaye da ita duk tafiyar ƙafa ce, kuma a nawa ganin masu kantin can sun fi sakin kaya a hannun baƙo. Na leƙa rumfar Galleria Vittorio Emanuele, wadda aka kammala a 1877, inda Prada ta buɗe kantinta na farko a 1913, amma 'yan ɗaukar hoto sun cika wurin. Na ga saƙar Bottega Veneta, siraran fatu da aka sarƙa, na yaba na wuce, don wannan ba aikin bana ba ne. Valextra ce ta riƙe ni, gidan Milan ne tun 1937, kuma an san su da baƙin fentin da suke bi da shi a bakin fata. Na shafa da yatsa. Sumul, ya ɗan yi tudu kamar bayan cokali, ba ka jin inda fata biyu suka haɗu.

Jakata ta biyu a fentin bakin nan ta faɗi. Fenti biyu masu kauri na laɓta mata don in gama da wuri, wata biyu ya fara tsagewa a wurin lanƙwasa. A ta uku sai da na bi da samfefa har bakin ya daidaita, na shafa siriri, ya bushe, na bi da ƙarfe mai ɗumi don ya kama fatar, na sake gogewa da samfefa mai laushi, na sake shafawa. Sau biyar. Bakin murfin kaɗai ya ci mini yamma huɗu. Ban kai Valextra ba, ko kusa, amma yanzu in na rufe ido na shafa ba na jin tsagin tsakiya sai a kusurwa ɗaya.

A Landan na yi wauta. A wani ƙaramin kanti cikin Burlington Arcade, rumfar da ke nan tun 1819, na ga jakar takardu da wani farin abu a jikinta, har na matsa baya ina cewa a raina fumfuna ce. Ashe kitse da kakin da aka ɗura wa fatar ne suke tasowa, irin fatar linzami ta Ingila, da an goga da tsumma sai ta ɗau ƙyalli. Dubai kuwa komai na ƙarƙashin rufi ɗaya a Dubai Mall, kantuna ba sa rufewa da wuri, ba layi mai tsawo. Ga mai saye daɗi ne. Ga mai koyo kayan da ya gani a Turai ne aka sake jerawa, sai dai fitila ta fi haske.

Tunda wasunku saye suke son yi, ga lissafin harajin sayayya a gurguje. Faransa kashi 20 ne, baƙo yana neman a mayar masa in ya haura yuro 100 a kanti ɗaya, amma bayan kamfanin da ke tsakani ya cire nasa, kusan kashi 12 ke dawowa. Italiya kashi 22, kuma tun 2024 aka sauke mafi ƙarancin sayayya zuwa yuro 70. Landan ta daina mayar wa baƙi tun farkon 2021, saboda haka kashi 20 ɗin nan ya tafi ke nan. Dubai kashi 5 ne tun 2018, sai dai kayan Turai sukan iso can da farashi sama da na gidansu, kada ƙaramin haraji ya ruɗe ku. Japan kashi 10.

To, Tokyo, ita ce amsata ga tambayarku. A unguwar Ginza akwai ginin Hermès na tubalin gilashi da aka buɗe a 2001, na tsaya na kalla daga waje. Amma ba sabbin kantuna ne suka sa nake cewa ku je Tokyo ba. Kantunan kayan da aka riga aka yi amfani da su ne, irin su Komehyo da Daikokuya, inda ake jera tsofaffin jakunkunan manyan gidajen nan, kowace da takardar darajarta, S ko A ko B, gwargwadon yadda ta sha jiki. Ni wurin masu B na zauna. Sabuwar jaka ba ta faɗa maka komai, duk kyau gare su. Wadda ta shekara goma sha biyar a kafaɗa ita ke nuna inda aiki yake mutuwa, kuma wurare uku na yi ta gani: kusurwoyin ƙasa sun goge, gindin hannu ya saki, fentin baki ya tsage inda ake yawan lanƙwasawa. Jikin jakar kuwa lafiya lau. Ɗinkin tsakiya da nake kwana a kansa kusan bai taɓa zama matsala ba.

Wannan ne ya canza tsarin jaka ta uku. Na feƙe fatar kusurwa na ninka ta ciki don kada ɗanyen baki ya riƙa gogar ƙasa. Gindin hannu na sa masa ƙarin fata tsakanin jiki da shafi, na maimaita ɗinkin farko da na ƙarshe sau biyu. Wurin lanƙwasar murfi na rage yawan fenti, uku maimakon biyar, don ya samu ya motsa.

Abin da bai yi ba shi ne hannun jakar kansa. Na naɗe fata a kan igiya don ya fito a mulmule, sai ya murɗe ya karkata hagu, ina zargin ban yanke fatar ta inda ba ta miƙewa ba. Malamai da kuka riga mu, wanda ya taɓa yin irin wannan hannun ya taimaka ya faɗa mini ko daga gadon baya yake yanka, ko kuwa gam ne na shafa da yawa. Na yanke wasu guda biyu daga wurare daban-daban na fatar, gobe in Allah ya kai mu zan naɗe su in gani.