Wasiƙa daga Ohio: tsofaffin bindigogin yaƙi a kan teburin maƙwabcina

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki na Jos. Ina gaida mutanen Gangare da Dilimi da Anguwar Rogo, da fatan sanyin bana ya zo muku da sauƙi. Mu nan ƙanƙarar Ohio ta sa na daina yi wa kowa alfahari da sanyin garinmu.

Maganar bindiga na zo da ita yau, kuma na san kalmar ba ta da daɗin ji a gida. Duk wanda ya kwana a Jos a Satumbar 2001, ko Nuwambar 2008, ko Janairun 2010, ba sai an kwatanta masa ƙarar harbi ba. Ni kaina sai da na shekara uku a ƙasar nan kafin na yarda na taɓa ɗaya. Wanda ya ja ra'ayina maƙwabcina ne, wani dattijon Bature da ya yi ritaya daga aikin injina. Baba nake ce masa, kuma sunan ya bi shi har wajen jikokinsa. Yana tara tsofaffin bindigogin da rundunonin duniya suka ajiye, yadda wasu ke tara kan sarki ko tsofaffin kuɗi. Yawancinsu sun girme ni, wasu sun girmi mahaifina.

Irin da ya fi so su ne masu ɗura kansu. Kada a haɗa su da masu aman wuta. Wannan kowane jan kunama harsashi ɗaya take fitarwa, sai dai iskar albarushin da ta tura harsashin ita ce ke komawa ta tofar da kwanson, ta ɗura wani. Tsohuwar Mak 4 da muka taso muna gani a kafaɗar 'yan sanda, wato Lee-Enfield ta Ingila, irin wadda kakanninmu 'yan Boma suka riƙe a yaƙin duniya na biyu, ita sai ka ja sakata da hannu bayan kowane harbi. Bambancin ke nan. Tsakanin 1936 da wajen 1955 manyan ƙasashe suka yi ta rige-rigen kawar da wannan jan sakatar, kowa da dabararsa, kuma kowace bindiga ta ɗauko halin masu ita.

Sarauniyar ɗakin Baba ita ce M1 Garand. John Garand, haifaffen Kanada, shi ya ƙera ta a masana'antar gwamnati ta Springfield, sojan Amurka suka karɓe ta a 1936, aka yi sama da miliyan biyar. Da ita suka yi yaƙin duniya da na Koriya. Nauyinta ya ɗara kilo huɗu, katakonta kuwa sheƙi yake kamar ƙotar fartanyar da ta sha hannu. Harsashi takwas take ci, a jere cikin wani ɗan maƙalin ƙarfe da ake dannawa ta sama da babban yatsa. In na takwas ya fita, maƙalin sai ya yi tsalle waje da wata 'yar ƙara, ƙil, kamar an jefa cokali a kan siminti. Masu sha'awarta kan ce don wannan ƙarar kaɗai ma sun biya kuɗinsu.

Ranar da Baba ya fara kai ni filin harbi na ƙungiyarsu, sai da ya ja mini kunne sau biyu: “In ka danna, tare sakatar da gefen hannunka, ka zare yatsa da sauri.” Na ce to. Kunya ta hana ni cewa ban gane ba. Bindigar ba komai a cikinta, ina gwadawa, sakatar ta rufo a kan yatsana kamar ƙofar mota. Ban san lokacin da na yi salati da ƙarfi ba. Tsofaffin da ke wajen suka fashe da dariya, ɗaya ya miƙo mini nasa yatsan in ga tabo. Ashe har suna ciwon yake da shi a wajensu, yatsan Garand, kuma wanda bai ɗanɗana ba ba su ɗauke shi ɗan gari ba. Jiki magayi.

Amma da na kwanta na sa ido a 'yar kafar saitinta, sai na gane abin da ake yabo. Nauyin nan da na raina shi ne ke shanye dukan da take yi wa kafaɗa, saitin kuma ana murza shi ƙas-ƙas har ya zauna inda kake so. Ni da ban taɓa harbin ko kurciya ba, na sami takardar da ke yadi 100. Aibinta tsadar harsashi, ga tsirfa: in aka ba ta harsashin farauta na zamani mai zafi, sandar da ke tura sakatar tana iya lanƙwashewa. A nan Ohio, a Camp Perry da ke bakin tafkin Erie, akwai shagon wata hukuma da ake kira CMP, mai sayar wa 'yan ƙasa Garand ɗin da soja suka sallama, bayan an bincike mutum. A nan ne kuma ake gasar harbi ta ƙasa duk bazara. Ni da ba ɗan ƙasa ba, nawa kallo.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da Baba ya ce Garand tana da jika a ƙasarmu. Bayan yaƙi kamfanin Beretta na Italiya ya gyara ta, ya sa mata gidan harsashi mai cin 20, ya kira ta BM59. Sojan Najeriya sun riƙe ta, har an haɗa ta a masana'antar DICON ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964. Sau nawa na shiga mota daga Jos zuwa Kaduna, amma sai a ɗakin wani Bature na ji wannan labarin.

In Garand dokin sarki ce, SKS jakin Kano ce. Sergei Simonov ya ƙera ta, Tarayyar Sobiyat ta karɓe ta a 1949, ba a jima ba AK-47 ta ture ta gefe, duk da harsashinsu ɗaya. Sai aka yi ta rarraba ta ga ƙawaye. Sin ta yi miliyoyi da sunan Type 56, Yugoslabiya ta yi tata mai ɗan nauyi. Harsashi goma take ci, gidan harsashin a manne yake, ga wuƙa a naɗe a ƙarƙashin bututun. Ba ta da kyan gani, kunamarta tana da tauri, gindinta gajere ne don an auna shi da sojan da ya sa rigar sanyi mai kauri. Amma ba ta gardama, ba ta dukan kafaɗa, harsashinta kuma ya fi araha. Baba ya ce a farkon shekarun 1990 ƙasa da dala 100 ake sayar da ta Sin, kafin a hana shigo da su a 1994. Yanzu sai ka ninka kuɗin sau da yawa. Har gobe yana cizon yatsa da bai sayi biyar ba.

Wahalarta giris ne. Ana fito da su daga rumbun soja a dulmuye cikin wani maiƙo mai kama da man kaɗanya da ya daskare. Mun yi yini guda muna goge wata da tsumma, warin ya bi ni har gida, uwargida ta ce kada in shigo da rigar. Kuma ba don kwalliya ake wannan aikin ba: in maiƙon ya riƙe allurar da ke dukan harsashi, bindigar na iya tashi ba a taɓa kunama ba. Tsofaffin harsasan soja kuma suna barin gishiri a bututu, in ba a wanke a ranar ba tsatsa ta ci.

Akwai SVT-40 ta Tokarev, doguwa siririya, wadda Sobiyat suka yi sama da miliyan ɗaya da rabi kafin su koma wa mai sakata saboda ta fi sauƙin ƙerawa da kulawa. Akwai G43 ta Jamus, da aka yi cikin gaggawar ƙarshen yaƙi, aikin ma ya nuna. Waɗannan na masu kuɗi ne. G43 dubban daloli ce, kayan gyaranta wuya, shi ya sa Baba ya fi shafa ta da harba ta. Ban ga laifinsa ba, amma ba su burge ni ba.

Waɗanda suka kama ni biyu ne, dukansu daga Masar. Ta farko FN-49, aikin Dieudonné Saive na kamfanin FN a Beljiyam, mutumin da daga baya ya fitar da FAL wadda sojojinmu suka daɗe suna saɓawa. Masar ta saya a zamanin Sarki Faruƙ, kuma ga kambin sarautarsa nan a jikin ƙarfen, shi da aka tuɓe tun 1952. Ta biyu Hakim. Asalinta ƙirar Suwidin ce ta 1942, Masar ta sayi injinan ta ci gaba da yi a gida. Doguwa ce, mai nauyi, ga ƙara: in aka harba ta, na kusa da kai sai ya tattara kayansa ya matsa. Tana da wani ɗan maɓalli na rage ko ƙara iskar da ke komawa, saboda harsasan da ake samu a lokacin ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Baba ya miƙo mini Hakim ɗin yana cewa shekara ashirin yana duba wata takarda kafin ya gane lambobin saitinta. Na duba. Lambobin Larabci ne, irin na ƙasan shafin Alƙur'ani, waɗanda malam ya koya mana da bulala a hannu. Na karanto masa su tiryan-tiryan, na juya na karanto lambar jikinta. Ya cire tabarau ya dube ni. Tun daga ranar, duk kasuwar baje kolin tsofaffin bindigogi da za shi, sai ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ni ne tafinta.

Da za a tambaye ni, mai son ya iya saiti ya nemi Garand, mai ƙaramin ƙarfi ya riƙe SKS ba zai yi da-na-sani ba, mai neman abin da zai zauna ya yi ta juyawa yana karanta tarihi kuwa, na Masar ɗin nan sun fi kuɗinsu. Baba bai yarda da ni ba, shi a wajensa bayan Garand sauran duk rakiya suka yo.

Kada wani ƙanena ya karanta wannan ya aiko mini da saƙon a taho masa da tsaraba. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigogin soja masu cin harsashin 7.62 da .303 cikin haramtattu, ba mai riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa. Ta farauta ma sai da izinin 'yan sanda, har da harba-ka-ruga. Kuma ni da na ga abin da na gani a Jos, ba na cikin masu neman a sassauta. Abin da nake kwaɗayi dabam ne. Muna da gidan tarihi tun 1952, inda yara ke zuwa kallon kawunan Nok, kayan yaƙin basasa kuma sai an je Umuahia. Da za a sami Mak 4 ɗaya ta 'yan Boma da BM59 ɗaya ta Kaduna, a toshe su, a sa a gilashi da bayani da Hausa, da na kai 'ya'yana in mun zo hutu.

Farcen yatsan da Garand ta matse dai ya fita, sabo ya tsiro a karkace. A gaida mutanen Terminus, a kuma ci mini dankalin Turawa da ƙwai.

Naku,
ɗan Gangare a Ohio