Mako uku ina neman abin da ke yanke mini intanet a Agege

Ni ke riƙe wa kawuna lissafi. Shi dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, motoci na zo masa daga Aliero da Sakkwato. Idan an tashi kasuwa sai in koma ɗakina a Agege, in buɗe kwamfutar cinya, in shigar da buhu nawa aka sauke, nawa aka sayar, nawa ya ruɓe a hanya, nawa aka ba 'yan dako. Daga nan in tura wa kowane mai kaya lissafinsa da kuɗinsa ta banki. Dukiyar mutane ce, kuma yawancinsu ba su taɓa ganin fuskata ba, amanar Kawu suka bi. Shi ya sa da kwamfutar ta fara yanke intanet ban ɗauke shi ƙaramin abu ba.

Kwamfutar tokumbo ce, Windows 10 ke kanta, kuma ta yi mini shekara biyu ba ta ba ni ciwon kai ba. Rautar da nake amfani da ita irin ƙaramar nan ce mai batir da ake sa wa layin waya. Abin ya fara ne da kaɗan-kaɗan. Ina cikin aiki sai alamar waifai da ke ƙasan fuskar kwamfutar ta koma hoton duniya, shafi ya tsaya cak. Wani lokaci ta dawo da kanta bayan minti ɗaya, wani lokaci sai na kashe waifai na kunna. Daren da hankalina ya tashi, na danna tura kuɗin wani bawan Allah na mota guda, shafin bankin na juyawa sai ta yanke. Ban san ko kuɗin ya fita ko bai fita ba. Na kira Kawu wajen ƙarfe goma sha ɗaya.

"Kawu, ka yi haƙuri na tashe ka. Na tura kuɗin Alhaji, intanet ta ɗauke a tsakiya."

"Kada ka sake turawa, ɗan nan. Jira alat. In bai zo ba da safe mu duba tare. Amma ka gyara abin nan, ba a wasa da kuɗin mutane."

Abin da kowa ke yi shi na fara yi: na ɗora laifin a kan kamfanin layi. A Legas wannan zargi ba ya wuya, domin sabis ɗin yakan yi rauni da yamma idan kowa ya dawo gida. Na sayi layin wani kamfani, na zuba masa data na wata guda, na ɗora rautar a bakin taga. Kwana biyu kamar an samu sauƙi, a na uku ta koma gidan jiya. Akwai abin da ke gabana tun farko ban ba shi muhimmanci ba: wayata a kan rautar nan take, kuma duk lokacin da kwamfutar ta yanke, saƙonnin WhatsApp na ci gaba da shigowa wayar.

Wani maƙwabcinmu da muke sallah tare, wanda ke kula da kwamfutocin wani ofis a Ikeja, shi ya daidaita mini tunani. Bayan isha'i na tare shi a ƙofar masallaci na ce, "Yaya, don Allah ina da matsala." Da ya gama saurare sai ya tambaye ni, idan motar albasa ta makara, me muke fara yi? Na ce muna kiran direba mu ji inda yake. Ya ce to, ko ta tsaya a Kontagora, ko a Mokwa, ko ta haye gadar Jebba ta maƙale a Ogbomosho, ba ka aika makanike sai ka san garin. Intanet ma zango-zango take tafiya: daga kwamfuta zuwa rauta zango ne, daga rauta zuwa ƙarfen sabis wani zango ne. Ni na je ina gyaran zango na biyu alhali ban tabbatar a can motar ta lalace ba.

Ya nuna mini yadda ake kiran direban. A buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni da ke cikin Windows, wato Command Prompt, a rubuta ipconfig, a nemo lambar rautar, wadda yawanci take farawa da 192.168. Sai a rubuta ping da lambar, a ƙara -t a ƙarshe don kada ya tsaya. A buɗe allo na biyu a yi haka da 8.8.8.8, wata na'urar Google da ke can waje. Kowane allo zai riƙa aika ɗan saƙo duk daƙiƙa yana jiran amsa. Idan na wajen kaɗai ya daina amsawa, matsalar daga rauta zuwa gaba take. Idan duka biyun suka mutu tare, to a cikin ɗakinka take. Ya ƙara da abu guda wanda a lokacin na ga kamar bai da amfani: in ajiye takarda, duk lokacin da ta yanke in rubuta ƙarfe nawa ne da abin da ke faruwa a ɗakin.

A daren farko allunan biyu suka mutu tare, sau biyar. Rautar tana kan tebur, taku uku daga inda nake, amma kwamfutar ba ta jin ta. Kuɗin sabon layi da datar wata guda sun tafi a banza.

Takardar ce ta yi sauran aikin. Bayan kwana huɗu na zauna ina duba abin da na rubuta, sai na ga kalma ɗaya tana ta maimaituwa: NEPA. An ɗauke wuta ƙarfe tara da kwata, ta yanke tara da minti ashirin. An ɗauke sha ɗaya saura, ta yanke jim kaɗan. Rautar tana da batir, ba ta mutuwa idan wuta ta tafi, don haka ban taɓa haɗa abubuwan biyu ba. Ashe kwamfutar ce ke canza hali. Da zarar caja ta daina ba ta wuta ta koma kan batir, sai Windows ya shiga tsimi, kuma cikin abubuwan da yake rage wa ƙarfi har da katin waifai, ɗan abin da ke kama waifai a cikin kwamfutar. Dabara ce mai kyau ga wanda ke cire caja sau ɗaya a yini. Mu da wuta ke zuwa tana tafiya sau da yawa a dare ɗaya, ga sauyi tsakanin NEPA da janareta, kwamfutar tana ta shiga tsimi tana fita.

Gyaran bai ci minti biyar ba. A cikin saitin wuta akwai sashen katin waifai mai zaɓi biyu, na lokacin caja da na lokacin batir. Na mayar da na batir kan cikakken ƙarfi. Sannan na shiga Device Manager, inda ake jera kayan cikin kwamfuta, na buɗe katin, na cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe shi don tsimin wuta. Batir ya ɗan rage daɗewa, amma na yarda da wannan cinikin.

Na yi zaton an gama. Yankewar ta ragu ƙwarai, har na faɗa wa Kawu an shawo kanta. Sai ga shi bayan kwana biyu ta yanke da wuta a gari, caja a jone.

A nan na ɗan yi ta lalube. Na sauke sabon direban katin, wato manhajar da ke sarrafa shi, daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Na goge sunan rautar na sake haɗawa. Gidanmu irin mai ɗakuna a jere ne suna kallon juna, kuma idan na buɗe jerin waifai nakan ga sunaye fiye da goma, na rautoci da na wayoyin maƙwabta, kusan duka a zangon 2.4 GHz. A wannan zango tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, don haka na shiga saitin rautar na kafe ta a ɗaya daga ciki. Da rautata tana da 5 GHz da can na koma, domin ya fi sarari ko da yake ba ya ratsa bango sosai. Saurin ya ɗan ƙaru. Yankewar tana nan.

Na koma ga takarda. Wannan karon abin da na rubuta a gefen lokutan ya bambanta: "na tashi shan ruwa", "na matsa kan katifa", "na gyara zama". Da farko na ɗauka nisa ne, amma ɗakin bai kai girman da nisa zai yi tasiri ba. Wani dare ina kallon allon ping, fitila na haska mini fuskar kwamfutar, sai na tura murfin baya kaɗan. Nan take amsa ta tsaya. Na jawo shi gaba, ta dawo. Na maimaita sau shida, sau shida tana yin haka. Gabana ya faɗi, sannan na ji wani sanyi a raina, domin yanzu ina iya jawo matsalar da hannuna duk lokacin da na so.

Ban san cewa eriyar waifai ba a cikin gangar kwamfutar take ba sai ranar. A saman murfin take, bayan gilashi. Wasu siraran wayoyi biyu, yawanci baƙa da fara, su ke tasowa daga katin, su bi ta gaɓar da murfin ke buɗewa, su hau sama. Kowace buɗewa da rufewa tana motsa su.

Ranar Asabar na hau danfo zuwa Ikeja, na shiga Computer Village ta wajen titin Otigba. Wanda ya san wurin ya san tun daga bakin hanya ake tare mutum ana tambayarsa me zai gyara. Na wuce wurin wani mai gyara da maƙwabcina ya kwatanta mini, Bayarabe ne da ya yi zama a Kano, Hausarsa garau. Ban ce masa waifai na yankewa kawai ba. Na kunna hosfot na wayata, na buɗe ping, na tura murfin a gabansa. Ya kalli allon ya ce, "Malam, ai ka gama rabin aikin." Ya kwance bayan kwamfutar ina tsaye. Katin bai fi ɗan yatsa biyu faɗi ba. Ɗaya daga wayoyin, wadda kanta ke maƙalewa kamar maɓallin riga, ta saki tana lilo. Ɗayar kuma ta goge a daidai gaɓar murfin har ƙarfen cikinta ya fito. Ya ciro wasu daga wata matacciyar kwamfuta irin tawa ya sa mini. Abin da na biya bai kai kuɗin datar da na saya wa sabon layin ba.

Da na je masa da baki kawai, mai yiwuwa a sake wa kwamfutar Windows, ko a sayar mini da sabon kati, in dawo gida in tarar da abin yana nan. Ba don mugunta ba. Matsalar da ke zuwa tana tafiya ba ta cika nuna kanta a teburin mai gyara ba, ga mutane a layi suna jira. Kuma cuta biyu ce ta haɗu a jiki ɗaya, kowacce tana ɓoye 'yar'uwarta. Da na gyara ta wuta na ga ba a warke duka ba, saura kaɗan in mayar da saitin yadda yake in ce ba shi ba ne. Takardar ce ta nuna mini yankewar da ke bin NEPA ta ɓace, wata daban ce ta rage. Daga baya na koyi cewa Windows ma yana ajiye irin wannan tarihi: idan aka buɗe baƙin allon da izinin mai kula aka rubuta netsh wlan show wlanreport, zai fitar da rahoton kwana uku na duk haɗuwa da yankewa. Yana da amfani sosai, sai dai ba zai gaya maka an ɗauke wuta ko ka tura murfi ba. Wannan kai za ka rubuta.

Kafin in bar shagon mai gyaran ya ce in daina ɗaga murfin ta kusurwa ɗaya, in riƙa kama shi a tsakiya, domin gaɓar ta riga ta yi sanyi. Haka nake yi yanzu. Kuɗin Alhaji na daren nan kuwa ya fita tun a karon farko, alat ɗin ne ya makara sai da asuba ya shigo wayar Kawu. Har yau idan zan tura kuɗi mai yawa nakan bar allon ping a buɗe a gefe, in ga amsa na sauka layi bayan layi, sannan in danna.