Wanda ya riga ni buɗe ɗakin Mustafa Sa'id

Watan da ya wuce aiki ya sha mini kai, irin wanda mutum zai tashi da lissafin abin da bai gama jiya ba, ya kwanta da lissafin abin da ke jiransa gobe. Duk da haka na yi karatu, har fiye da yadda na zata. Dabarar ba wata mai wuya ba ce. Ƙananan littattafai na zaɓa, na riƙa satar minti goma nan, kwata can, kafin a shiga taro ko kafin barci ya yi awon gaba da ni. Wannan ɓangaren ya tafi daidai, ba sai na ja shi ba. Abin da ya tsaya mini a rai, wanda har yau ban huce ba, shi ne abin da wata gabatarwa ta yi mini.

Littafin shi ne na Ɗayyib Salih, marubucin nan ɗan Sudan da ya daɗe yana aiki a sashen Larabci na BBC, ya rasu a 2009. Ya fara fitowa a Bairut a 1966 da sunan Mawsim al-Hijra ila al-Shamal, ni kuwa fassarar Turancin da Denys Johnson-Davies ya yi a 1969 na karanta. Na daɗe ina jin ana kururuta shi, ana cewa yana cikin manyan ƙagaggun labaran Larabci na ƙarni na 20, don haka na ware shi a matsayin ladan wahalar watan. Ga shi ɗan siriri, bai kai shafi 200 ba.

Labarin na wani saurayi ne da ba a faɗi sunansa ba, wanda ya dawo ƙauyensu da ke kan wata kwana ta kogin Nilu bayan shekara 7 yana karatu a Turai. Cikin masu yi masa barka da zuwa sai ya ga wata baƙuwar fuska. Aka ce masa ai Mustafa ne, baƙo ne da ya zo ya sayi gona, ya auri 'yar gari, yana zaune lafiya da kowa, ba ya yawan magana. Wata rana a wurin zaman sha, da abin ya hau kan Mustafa, sai ya buɗe baki ya shiga rera waƙar Turanci, da lafazi tsaf kamar haifaffen Ingila. Manomi a ƙauye, wanda kowa ya ɗauka ko haruffan boko bai sani ba. Washegari saurayin ya tare shi a gona, Mustafa ya yi fir ya ce shi bai san an yi haka ba. Ga kuma wani ɗaki a gidansa da yake kulle, ba wanda ya taɓa leƙa cikinsa, har matarsa.

To ka ga inda marubucin ya kafa tarkonsa. Mai karatu ya kamata ya yi tsalle tare da saurayin nan lokacin da waƙar ta fito, ya kwana yana tambayar kansa wane ne wannan mutum, me ke cikin ɗakin. Ni ban yi tsallen ba. Na riga na sani. Bugun da ya faɗo hannuna yana ɗauke da doguwar gabatarwa ta wani masani, ba zan kama suna ba, kuma da yake ita ce a farkon littafin, a nan na fara kamar yadda kowa zai yi. Kafin in farga ya gaya mini wane ne Mustafa, abin da ya aikata a Landan, yadda ya ƙare, abin da ya sami matarsa daga baya, da abin da ke jibge a ɗakin nan ɗaya bayan ɗaya. Har shafin ƙarshe bai bar mini ba. Ya yi riga malam masallaci, kuma cikin natsuwa ya yi, da kyakkyawan Turanci, kamar wanda ke yi mini alheri.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai babban adabi ba don a san ƙarshe ake karanta shi ba. Na san wannan magana, ni ma na sha faɗinta. Amma maganar mai lokaci ce. Wanda ke da yammaci guda a hannunsa zai iya zama ya bi jimla jimla don daɗinta kawai. Wanda ya dawo a gajiye, ido na yaji, waya na ta ƙara a gefe, abu ɗaya ne ke sa ya miƙa hannu ga littafi maimakon wayar, wato son jin abin da ya faru gaba. Wannan shi ne man da ke tuƙa mai karatu a watan da ba sarari, kuma shi gabatarwar ta tsiyaye mini tas. Na kai babi na uku na ajiye. Littafin ya yi kwanaki a kan tebur, kullum in kalle shi in ji haushi ya taso, ba na marubucin ba, na mutumin da ya shiga tsakaninmu.

Cikin wannan fushin na ɗauki na Tolstoy, marubucin nan ɗan Rasha, gajeren labarinsa na 1886 kan mutuwar Ivan Ilyich. A nan ne abin ya ɗaure mini kai. Wannan littafi tun daga sunansa ya gaya maka mutumin zai mutu. Shafin farko ma da sanarwar rasuwarsa ya buɗe: abokan aikinsa a kotu suna hutun rabin lokaci, ɗayansu ya gani a jarida, kuma abin da ya fara faɗo wa kowannensu a rai shi ne wa zai hau kujerar, wa zai samu ƙarin girma. Ba abin da aka ɓoye. Amma na kasa ajiye shi. Na karanta shi a tsaye, na karanta shi ina jiran a kira ni, na hana kaina barcin da nake matuƙar buƙata.

Akwai wani wuri a farkonsa da na koma na maimaita. Abokinsa Pyotr Ivanovich ya je gaisuwar mutuwa, matar mamacin ta ja shi falo, ya zauna kan wata 'yar kujera da wayoyin cikinta suka lalace. Duk motsin da ya yi sai kujerar ta yi sama da shi. Mayafin matar ya maƙale a jikin tebur, ya yunƙura zai taimaka, kujerar ta taso, ya koma ya danne ta. Ana cikin wannan kokawa matar na sharar hawaye, daga nan ta gangaro kan abin da ya sa ta kira shi, wato ta yaya za ta samu ƙarin kuɗi daga baitulmalin gwamnati. Shi kuwa hankalinsa na kan wasan kartar da ake jiransa. Na yi dariya, sai kuma dariyar ta maƙale, don na tuna sau nawa nake duba agogo a wurin da bai kamata ba.

Kuma wannan ba littafin da mai fama da aiki zai karanta ya kwana lafiya ba ne. Ivan Ilyich alƙali ne, ya mutu yana da shekara 45, duk rayuwarsa takardu ne da neman matsayi da gyaran gida don a gani a yaba. Ciwon ma daga rataya labule ya samo shi, ya zame daga tsani ya bugi gefensa, ya yi dariya ya ce ba komai. Da ciwo ya ci ƙarfinsa, likitoci da iyali duk suka shiga yi masa ƙaryar zai warke, in ban da Gerasim, yaron gidan, wanda ke ɗora ƙafafun maigidan a kafaɗarsa ya kwana zaune don ya samu sauƙi. Ina karanta wannan, jerin ayyukan gobe na manne a bangon littafin.

A nan na gane inda gizo ke saƙar. Sanin ƙarshe ba shi ne ya kashe mini littafin Salih ba. Tolstoy shi ya zaɓi ya faɗi ƙarshen da kansa, ya gina komai a kan cewa ka sani, sai tambayar ta koma ta yaya aka yi, kuma me mutumin ya gane kafin ya tafi. Salih kuwa ya zaɓi ya ɓoye. Ya tsara lokacin da kowane sirri zai fito, ya ba saurayin makullin ɗakin ya kuma hana shi buɗewa sai can kusa da ƙarshe. Jinkirin nan wani ɓangare ne na labarin, domin saurayin tsoron abin da zai gani yake yi, kuma ana so kai ma ka ji tsoron. Mai gabatarwa ya zo ya rushe wannan tsari don ya samu abin kafa hujja da shi kan mulkin mallaka da alaƙar Gabas da Yamma. Hujjojinsa masu kyau ne, ban musa ba. Wurinsu ne ba nan ba.

Da na zo kan na Mariama Bâ, 'yar Senegal, sai na buɗe kai tsaye zuwa babi na ɗaya, ko bayan bangon ban duba ba. Une si longue lettre ya fito a 1979, ya ci kyautar littattafan Afirka da ake kira Noma Award a 1980, ita kuma ta rasu a 1981. Wasiƙa ce doguwa da wata malamar makaranta, Ramatoulaye, ke rubuta wa ƙawarta Aissatou tana cikin takaba. Wannan littafi ya dace da watan gaggawa fiye da sauran, domin babi-babinsa gajeru ne, kana iya gama ɗaya kafin a kira sunanka. Wurin da ya fi kama ni shi ne ranar da mutum uku suka zo mata gida cikin manyan kaya, yayan mijin da abokinsa da limamin unguwa. Liman ya shiga kewaye-kewaye kan ƙaddara, har gabanta ya faɗi ta zaci mijin ne ya mutu. Ashe aure ya ƙara, bayan shekara 25 da 'ya'ya 12, kuma amaryar ƙawar 'yarta ce. Ta yi murmushi, ta gode musu, ta raka su ƙofa. Murmushin nan ya fi kuka ciwo. Ba duk littafin ne ya burge ni ba, akwai wuraren da Ramatoulaye ke barin labari ta koma lacca kan ilimin mata da siyasa, sai ka ji muryar marubuciyar ta danne ta mai wasiƙar. Amma na same shi yadda mai shi ta tsara, kuma wannan kaɗai ya sa na ji kamar an biya ni wani bashi.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa maimaici ne, don na karanta shi tun ina ƙarami. Yana cikin littattafan da suka fito a 1934 bayan gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa da Rupert East ya shirya a 1933. Na san komai a cikinsa, na san yadda uwar ta bi sawun ɗanta ta ratsa Sahara har ita ma ta faɗa cikin bauta, amma bai rage mini komai ba, sai ma na lura da abin da ban gani ba a da, yadda Umar ke ba da labarin bala'i iri-iri da murya ɗaya, ba ɗagawa ba saukewa. Bambancin a fili yake. Karatun farko na wannan littafi nawa ne, ba wanda ya karɓe mini shi.

Muƙaddimar Ibn Khaldun kuwa ko maganarta ba zan ja ba. Shi da ya rubuta ta a 1377 sai da ya keɓe kansa a wata ganuwa a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, nesa da fadar sarakuna. Ba littafin minti goma ba ne. Na mayar da ita ma'ajiyar littattafai har sai iska ta lafa.

Daga ƙarshe na koma wa Salih na gama shi, kuma zan faɗi gaskiya, littafi ne mai ƙarfi. Hirar tsofaffin ƙauyen a ɗakin kakan saurayin, da tafiyar mota cikin hamada da rana na dukan ƙwaƙwalwa, waɗannan ba gabatarwar da za ta iya ɓata su, don ba a iya taƙaita su. Akwai wurare masu nauyi a ciki, na jini da na sha'awa, ba littafin da za a miƙa wa yaro ba ne. Amma da aka zo buɗe ɗakin, wurin da ya kamata numfashina ya tsaya, sai na tarar ina duba kaya kamar mai karɓar ajiya: wannan an ce yana nan, ga shi, wancan ma ga shi. Shi ya sa ban faɗi ko abu ɗaya daga cikin ɗakin ba a wannan rubutu, kuma ba zan faɗa ba.

Duk wanda ke satar lokaci don karatu, in ƙagaggen labari ne, ya tsallake gabatarwa, ya tsallake bayan bango, ya bar sharhin intanet sai ya gama. Shafukan da aka yi wa lamba da haruffan Romawa a farkon littafi, yawanci su ne wurin haɗarin. Bayan ka rufe shafin ƙarshe ka dawo musu, a lokacin za su yi maka amfani sosai, don kana da abin da za ka yi gardama da shi. Na sake karanta waccan gabatarwar bayan na gama, kuma abin haushi, ta yi kyau. Da a baya aka sa ta da na gode wa mutumin.

Kuma ba wani abu mai wuya ake nema ba. Wasu littattafan Penguin Classics suna ɗauke da layi ɗaya a saman gabatarwa, mai gargaɗin sabon mai karatu cewa za a fayyace abin da ya faru a labarin. Layi ɗaya tak, ko tawadar kirki ba zai ci ba. Bugun da na samu ba shi da shi.